Biyan Wata, Biyan Shekara ko Soke-da-Dawowa: Wane Tsari Ya Fi Tsare Kuɗin Mai Rajista?

A cinikin da kowa ya saba da shi, idan mutum ya yi shiru kuɗinsa yana nan a aljihunsa, domin babu mai karɓar komai daga hannunsa sai ya miƙa da kansa. Rajistar da ke sabunta kanta ta juya wannan ƙa'ida gaba ɗaya. Daga ranar da mutum ya shigar da lambar katinsa, shirunsa ya zama amincewa, kuma kamfanin zai ci gaba da cire kuɗi duk wata ko duk shekara har ranar da mai katin ya tashi ya ce a dakata. Manhajojin kallon fina-finai da na sauraron sauti, ma'ajiyar hotuna ta intanet, jaridu, manhajojin aikin ofis da wuraren motsa jiki, kusan duk a kan wannan tsari suke tafiya a yau. Saboda haka akwai tambayar da ya kamata ta riga batun arha zuwa zuciyar mai zaɓi: idan na shagala na manta da wannan abu na tsawon wata huɗu ko biyar, wane tsari ne zai fi rage mini asara? Da wannan ma'auni zan gwada hanyoyin da ake da su.

Wannan mantuwa ba ƙaramin al'amari ba ce, kuma an auna girmanta. A 2023 masana tattalin arziki uku, Liran Einav da Benjamin Klopack da Neale Mahoney, suka fitar da binciken da suka yi a kan bayanan biyan kuɗi da kati na masu rajista da wasu kamfanoni goma. Sun lura cewa a watan da aka canza wa mutum kati, wato lokacin da sai ya sake shigar da sabuwar lamba kafin a ci gaba da cire masa kuɗi, masu barin rajista sukan ƙaru ƙwarai fiye da sauran watanni. Abin da ake sayar musu yana nan yadda yake a wannan watan, illa dai dole ta sa sun tsaya sun tambayi kansu ko suna bukatarsa. Masanan sun ƙiyasta cewa rashin kular masu biya yana ƙara wa kamfanonin kuɗin shiga da kashi 14 cikin ɗari a wasu, a wasu kuwa da fiye da kashi 200 cikin ɗari.

Biyan wata da biyan shekara

A ido, biyan shekara ne ya fi arha, domin kamfanoni da yawa sukan yi rangwamen da ya kai kimanin kuɗin wata biyu ga wanda ya biya shekara a dunƙule. Lissafin ba shi da wuya. Idan kuɗin shekara ya yi daidai da na wata goma, to sai mutum ya yi amfani da abin fiye da wata goma kafin ya ci ribar rangwamen. Wanda ya yi amfani da shi wata shida ya ajiye, ya biya kuɗin wata huɗu a banza, kuma galibi ba a mayar da abin da ya rage. Biyan shekara yana da wata fa'ida da ba a cika ambatawa ba, ita ce idan aka ƙara farashi a tsakiyar shekara, ƙarin ba ya taɓa wanda ya riga ya biya sai ranar sabuntawa. Illarsa kuma tana nan a ranar sabuntawar, domin abin da ke zuwa sau ɗaya a wata goma sha biyu ya fi komai saurin fita daga rai, kuma idan ya zo, kuɗi mai kauri yake kwashewa a lokaci guda.

Biyan wata yana ba da damar fita a kowane lokaci, kuma kuɗin wannan dama mutum yake biya da ƙarin da ke kansa. Matsalar ita ce mutane da yawa suna sayen damar amma ba sa amfani da ita. Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier sun nuna haka a binciken da suka buga a 2006 a kan masu rajista da wasu wuraren motsa jiki uku a Amurka. Masu biyan wata suna zuwa kimanin sau 4.3 a wata, abin da ya sa kowace ziyara ta tsaya musu da tsadar da ta zarce ta mai sayen tikitin ziyara goma da kusan kashi 70 cikin ɗari. Tsakanin ziyararsu ta ƙarshe da ranar da suka soke rajista kuma ana samun fiye da wata biyu. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne masu biyan wata sun fi masu biyan shekara yiwuwar wuce shekara guda suna biya, da kashi 17 cikin ɗari, duk da cewa su ne suka biya ƙari domin su iya fita da wuri. Dalili kuwa shi ne a waɗannan wuraren yarjejeniyar shekara tana ƙarewa da kanta sai mutum ya zo ya sabunta, ta wata kuma tana tafiya har sai an tsayar da ita. Yawancin rajistar shekara ta intanet a yau tana sabunta kanta, don haka wanda ya zaɓe ta ba zai samu wannan kariya ba sai ya kashe sabuntawa kai tsaye tun ranar da ya biya.

Akwai tsari na uku da ke sanye da rigar biyan wata alhali yarjejeniyar shekara ce, kuma shi ne ya fi bukatar a karanta sharuɗɗansa da natsuwa. Mutum yana ganin ana cire masa kuɗi wata-wata, sai ya ɗauka zai iya fita duk sanda ya ga dama, amma ya riga ya ɗaure kansa na wata goma sha biyu. Adobe, wanda ya koma bayar da manyan manhajojinsa ta hanyar rajista tun 2013, yana da irin wannan tsari, inda wanda ya soke bayan kwana 14 na farko zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage. A watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara bisa zargin cewa bai bayyana wannan tara a fili ba lokacin da mutane ke yin rajista. A ganina wannan tsari bai dace da kowa ba sai wanda sana'arsa ta dogara da manhajar kuma ya tabbata ba zai rabu da ita cikin shekarar ba, domin ya haɗa ɗaurin biyan shekara da saurin mantuwar biyan wata.

Soke-da-dawowa, da abubuwan da bai kamata a yi musu haka ba

Hanyar da na fi yarda da ita ga duk abin da ya shafi nishaɗi ita ce mutum ya biya wata ɗaya, sannan ya soke a ranar, kafin ma ya fara kallo. A yawancin kamfanoni sokewa ba ta katse amfani nan take; tana hana sabuntawa ne kawai, kuma mutum zai ci gaba da amfani har ƙarshen kwanakin da ya biya. Idan watan ya ƙare kuma yana son ci gaba, sake shiga ba ya ɗaukar minti biyu. Idan kuwa bai ma lura da cewa ya ƙare ba, to dama ba ya bukatarsa, kuma ba a cire masa komai ba. Da wannan dabara mantuwa ta koma yi wa mai biya aiki maimakon ta yi wa kamfani. Wanda ke da manhajojin kallo uku ko huɗu zai iya jera su ɗaya bayan ɗaya, wannan a wata guda, waccan a na gaba, tun da idon mutum ɗaya ba ya kallon huɗu a dare guda, kuma shirye-shiryen da aka tara suna nan suna jira.

Ba za a ce hanyar ba ta da nata cikas ba. Wanda ke kan tsohon farashi ko wani rangwame na musamman zai iya rasa shi idan ya fita. A gidan da yara ko wasu mutane ke amfani da asusu ɗaya, katsewa da dawowa kan jawo ƙorafi. Haka kuma lokacin gwajin kyauta yana da nasa hukunci, domin wasu kamfanonin suna rufe ƙofa da zarar an soke gwajin, ba sa jira kwanakinsa su cika. Apple ma yana shawartar masu gwaji su soke aƙalla awa 24 kafin wa'adin ya ƙare idan ba sa son a cire musu kuɗi. Wasu kamfanonin suna da tsaka-tsaki, wato dakatarwa: YouTube Premium yana barin mutum ya dakatar da rajistarsa har tsawon wata shida, Google Play ma yana ba da wannan dama a manhajojin da masu su suka amince. Sai dai dakatarwa tana da ranar farkawa, kuma idan ranar ta zo, cire kuɗi zai dawo ba tare da an tambayi mutum ba. Ga wanda ya san zai yi tafiya ko jarrabawa ta ɗan lokaci, dakatarwa ta yi; ga wanda ke shakkar ko yana bukatar abin, sokewa ta fi.

Amma akwai rukunin da a cikinsa hukuncin ya juya, wato rajistar da ke riƙe da kayan mutum: ma'ajiyar hotuna da takardu, sunan shafin intanet, manhajar adana kalmomin sirri, da imel na sana'a. A nan asarar katsewa ta fi asarar biya nesa ba kusa ba. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta da Gmail da Drive da Photos ke rabawa, kuma wanda rajistarsa ta ƙarin wuri ta katse alhali kayansa sun zarce wannan iyaka, zai iya wayar gari ba ya iya aikawa ko karɓar imel. Sunan shafin intanet kuwa, idan wa'adinsa ya ƙare kuma kwanakin sassauci suka wuce, wani zai iya yi masa rajista da sunansa, mai shi na farko ya rasa adireshin da abokan cinikinsa suka sani. Irin waɗannan su ne suka cancanci biyan shekara, da sabuntawa kai tsaye, a kan katin da ba ya rasa kuɗi. Abin da ya rage wa mutum a nan shi ne ya duba ko girman da yake biya ya yi masa yawa, domin sau da yawa share tsofaffin bidiyoyi ya isa ya sauko da shi zuwa mataki na ƙasa.

Ta ina za a biya?

Wannan zaɓi ne da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci, alhali shi ne ke yanke sauƙi ko wahalar fita. Biya ta App Store ko Google Play yana tara duk rajistar mutum a shafi ɗaya, da ranar sabunta kowacce, kuma sokewa iri ɗaya ce komai kamfanin da ke da manhajar, ba tare da an riƙa jan mutum daga wannan shafi zuwa wancan ba. Kamfanin manhajar ma ba ya ganin lambar katin. Kuɗin wannan sauƙi shi ne kamashon da Apple da Google ke karɓa, wanda yakan kama daga kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, kuma wasu kamfanonin suna ɗora shi a kan mai saye, ta yadda abu ɗaya zai fi tsada a cikin manhaja fiye da a shafin kamfanin. Wasu kuma, irin su Netflix da Spotify, sun daina karɓar sababbin masu rajista ta hanyar biyan Apple shekaru da suka wuce. Kuskuren da ya fi yawa a wannan hanya shi ne zaton cewa goge manhaja daga waya ya soke rajista. Bai soke ba. Manhajar ta tafi, cire kuɗi yana nan.

Biya kai tsaye a shafin kamfani yakan fi arha, amma ƙofar fita tana hannun wanda ba ya son a fita. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai Amazon ƙara, tana zargin cewa an sa mutane cikin Prime, tsarin rajistar kamfanin, ba da cikakken saninsu ba, kuma an shirya hanyar sokewa mai shafi 4 da dannawa 6 da zaɓi 15 domin a gajiyar da su. A watan Satumbar 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don kawo ƙarshen shari'ar, ba tare da ya amsa laifi ba. Kariyar doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Jamus ta wajabta maɓallin sokewa a fili a shafukan intanet tun watan Yulin 2022, babban bankin Indiya kuma ya wajabta a sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin kowane cire kuɗi mai maimaituwa tun 2021. A Amurka an kafa ƙa'idar da ta ce fita ta zama da sauƙi kamar shiga a 2024, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a watan Yulin 2025 kafin ta fara aiki sosai. Mai biya kai tsaye ya kamata ya nemo shafin sokewa ya gan shi da idonsa kafin ya shigar da kati; idan sai an buga waya ko an rubuta wasiƙa kafin a fita, wannan ma wani ɓangare ne na tsadar abin.

Hanya ta uku ita ce ware kati na musamman domin rajista kaɗai, ko dai na hannu ko irin wanda wasu bankuna ke ƙirƙira a cikin manhajarsu, a sa masa iyaka ko a riƙa zuba masa daidai abin da ake bukata. Amfaninsa biyu ne: duk abin da ya fita daga katin rajista ne, don haka lissafi ya fito fili, kuma babu kamfanin da zai iya ɗibar fiye da abin da ke ciki. Ga gwajin kyauta na kamfanin da mutum bai sani ba, ban ga abin da ya fi shi ba. Amma dole a fahimci cewa rufe kati ba soke yarjejeniya ba ne. Inda mutum ya sa hannu a kan shekara guda, ko a wurin motsa jiki, kamfanin zai iya lissafa watannin da ba a biya ba a matsayin bashi, ya zama an gudu ba a tsira ba. Haka nan wanda ke jiran katinsa ya ƙare domin rajista ta mutu da kanta zai iya shan mamaki, domin Visa da Mastercard suna da tsarin da ke miƙa wa kamfanoni sabuwar lambar kati kai tsaye idan bankin mutum yana cikin tsarin.

Katin kyauta, wato wanda ake saya da kuɗi a cikinsa a loda a asusu, shi ne ya fi kusa da cinikin da aka saba, domin idan kuɗin ya ƙare amfani ya tsaya, matuƙar ba a haɗa wani katin banki a bayansa ba. Ya dace da yara da kuma wanda ya san halinsa na mantuwa. Sai dai yawanci yana aiki ne a ƙasar da aka saye shi kaɗai, kuma ba kowane kamfani ke da shi ba.

Lissafin hannu ko manhajar bibiya

Akwai manhajojin da ke duba shige da ficen asusun banki su tsamo kuɗin da ke maimaita fita, wasu ma har su soke wa mutum. Suna da amfani ga mai katuna da yawa da rajista fiye da goma. Amma sai an ba su damar karanta duk abin da mutum ya kashe, ba a kowace ƙasa suke aiki da bankuna ba, kuma da yawansu sai an yi musu rajistar biyan wata kafin su buɗe cikakken aikinsu. Ba su da tabbacin ɗorewa kuma: Mint, wadda ta daɗe tana cikin sanannun manhajojin kasafin kuɗi, an rufe ta a 2024, masu amfani da ita suka koma neman wani wuri.

Ga yawancin mutane lissafin hannu ya wadatar, da sharaɗin a yi shi da kyau sau ɗaya. A karɓi bayanin asusun banki na wata goma sha uku, domin na wata biyu ko uku ba zai nuna rajistar shekara ba, a haɗa da jerin da ke App Store ko Google Play, a kuma bincika imel don rasit. Kowace rajista a rubuta sunanta, kuɗinta, ranar sabuntawa, inda ake biyanta, da ranar da aka yi amfani da ita ta ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi faɗin gaskiya, domin mutum yakan auna rajista da abin da yake fatan yi da ita, kamar koyon harshe ko motsa jiki kowace safiya, alhali ranar ƙarshe tana nuna abin da ya yi. Sannan a ninka kuɗin wata sau goma sha biyu, a raba shi da yawan lokutan da aka yi amfani, domin ƙaramin kuɗin da ba a jin fitarsa a wata yakan zama abin dubawa idan aka tara na shekara. Kowace rajistar shekara a sa mata tunatarwa a kalanda mako guda kafin ranarta.

Wannan jeri yakan tono abubuwan da suka maimaita juna, kamar ma'ajiya biyu ko manhajar sauti da dama tana cikin wani ƙunshin da ake biya. Yakan kuma nuna inda tsarin iyali zai fi: Microsoft 365 na iyali, wato manhajojin aikin ofis na Microsoft, yana ɗaukar mutum shida, na Spotify ma shida amma da sharaɗin suna zaune a adireshi ɗaya. Ga wanda bukatarsa ba ta wuce rubuta takardu da lissafi ba, akwai Office da ake saya sau ɗaya, akwai kuma LibreOffice da ba a biyan komai.

Idan mutum ya zo sokewa, kamfanoni da yawa za su tare shi da tayin rangwame, rabin kuɗi na wata biyu ko uku. Tayin yana da kyau ga wanda tsada ce kawai ta kore shi daga abin da yake amfani da shi, amma ga wanda ya yi wata uku bai buɗe manhajar ba, rabin kuɗi ma asara ce, kuma bayan wa'adin rangwamen cikakken farashi zai dawo ba tare da an sake neman yardarsa ba. Bayan sokewa a tabbata an kai shafin ƙarshe da ya ambaci ranar da amfani zai tsaya, a ajiye saƙon tabbatarwa ko hoton shafin, sannan a duba bayanin asusu na watan da ke biye. Idan an sake cire kuɗi duk da haka, wannan shaidar ce za a fara nuna wa kamfanin, in kuma ya ƙi mayarwa, ita ce banki zai nema kafin ya buɗe ƙorafi a kan cirewar.